Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Akwai wani dattijo da nake kira Baba, ko da yake ba shi ya haife ni ba. A Zangon Wagadugu muka yi maƙwabtaka, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa kafin a rushe unguwar. Bara da rani na kai masa gaisuwa a inda aka mai da su, can gefen gari. Muna zaune a ƙofar gida sai ga mata biyu da akwatin sanyi a rataye, suka yi sallama, suka tambaya ko akwai yara waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Baba ko motsi bai yi ba, ya ce, "Babu." A daidai wannan lokaci kuwa kukan jikansa yana fitowa daga cikin gida. Da matan suka wuce na ce, "Baba, ai na ji kukan yaro." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutanen da suka sa katafila ta bi ta kan ɗakin da aka haife ni, yau su ne suke ƙaunar jikana? Kuma wai kyauta? Tun yaushe gwamnati ta fara ba talaka abu kyauta?"

Ban amsa masa a ranar ba, gama ba a yi wa babba gardama a ƙofar gidansa. Amma maganar ta hana ni sakat, domin na san ba shi kaɗai ne yake da wannan ra'ayi ba. Abin da na kasa faɗa masa ke nan nake so in faɗa a nan, ya mai karatu: Baba yana da gaskiya a fushinsa, amma ya yi kuskure babba a wurin da ya sauke fushin. Jaki ne ya yi masa laifi, shi kuwa taiki yake duka. Taikin nan kuwa jikansa ne.

Bari in fara da gaskiyarsa, gama wanda ya ƙi jin kukan mutum ba shi da bakin yi masa wa'azi. Unguwar Zango, wadda takardun gwamnati suke rubutawa Zangouettin, ba jiya aka kafa ta ba. Fataken Hausawa masu bin hanyar Gwanja neman goro su ne suka yada zango a ƙasar Mosawa, waɗansu suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai da makarantun allo, tun kafin sojan Faransa su shiga Wagadugu a 1896. Gari ya yi ta girma har unguwar ta zama tsakiyar birni, kusa da babbar kasuwar Rood Woko da titin Kwame Nkrumah. Wannan kusanci shi ne arzikinta, shi ne kuma ya jawo mata ido. A shekarar 2000 gwamnatin Blaise Compaoré ta yanke shawarar faɗaɗa shirin da ake kira ZACA, watau filin kasuwanci da ofisoshi, bisa eka mai yawa, kimanin hekta 85, wanda ya haɗiye Zango da Tiedpalogo da Peuloghin da wani sashe na Koulouba. Mutane suka yi kuka, suka yi taro, suka ƙi. Duk da haka a 2003 aka fara rushewa, aka ta da mutum fiye da 12,000, aka ba su filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko. An biya diyya, gaskiya ne, amma diyyar bango da fili aka biya. Ba wanda ya auna kuɗin maƙwabtaka ta shekara ɗari, ko kuɗin tafiyar ƙafa daga gida zuwa rumfar kasuwa. Abin da ya fi ciwo, filin da aka ce ana gaggawar ginawa ya yi shekaru yana kwance, ciyawa tana tsirowa a inda dā ake ɗaura aure da raɗa suna. Wanda aka yi wa haka, in ya ga ma'aikacin gwamnati a ƙofarsa ya haɗe fuska, ba za a ce ya yi hauka ba.

Akwai kuma labarin Kano, wanda ya bi motocin fatake ya iso kowane zango a Afirka ta Yamma. A 1996, sa'ad da annobar sanƙarau take cin mutane, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk likitan da yake mamakin abin da ya sa Bahaushe yake tsoron allura, to, ya koma ya karanta wannan labari.

To, na ba Baba gaskiyarsa duka. Yanzu sai a ba ni dama in faɗi tawa.

A shekarar nan ta 2003 da ake rushe Zango, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna, bisa zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda, sai a watan Yuli na 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yarda a ci gaba, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Mu tambayi kanmu, wa ya ji a jikinsa? Kamfanin Pfizer bai rasa ko sisi ba saboda wannan ƙauracewa. Ba wani Bature da ƙafarsa ta shanye. Cutar ta fita daga arewacin Nijeriya ta bi hanyoyin da kakanninmu suka bi, ta shiga ƙasashe kusan 20 waɗanda dā sun rabu da ita, har da Burkina Faso da Gana da Cadi da Sudan, ta ƙetare teku ta kai Yaman, ta kai har Indonesiyar da aka sayo maganin. Yaran da suka gurgunce 'ya'yan talakawa ne, yawancinsu 'ya'yan Musulmi. Yau sun zama samari da 'yan mata, waɗansu suna jan jiki a bakin kasuwa. Je ka gaya musu an yi haka ne domin a rama musu abin da aka yi a 1996, ka ji amsar da za su ba ka.

Haka yake ga Baba. Ministan da ya sa hannu a takardar rushe Zango ba zai taɓa jin labarin cewa wani tsoho ya kori masu rigakafi ba. Barcinsa zai yi. In ƙyanda ta shigo unguwa, ba ta tambayar wa aka zalunta a 2003. Yaro ɗaya mai ƙyanda yana iya harbin yara fiye da goma waɗanda ba a yi wa allura ba, shi ya sa masana suke cewa sai an yi wa kamar 95 cikin 100 kafin a toshe mata hanya. Ashe wanda ya ɓoye ɗansa bai tsaya a kan ɗansa kaɗai ba, ya buɗe ƙofa ga jaririn maƙwabcinsa wanda bai kai wata tara ba, watau bai isa a yi masa allurar ba tukuna. Mu da muke kukan an raba mu da maƙwabtanmu, ina haƙƙin maƙwabtakar a nan?

Sai zancen hana haihuwa, wanda har yanzu ake raɗawa a majalisa. A kan wannan ba ma bukatar likita, gama gani ya kori ji. Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba 1984, gwamnatin Thomas Sankara ta yi abin da ta kira rigakafin kwamando: a cikin mako biyu aka yi wa yara fiye da miliyan biyu allurar ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin shawara. Yaran nan yanzu sun haura shekara arba'in. Suna nan tare da mu, sun yi aure, sun haifu, waɗansu har sun ga jikoki. Ƙidayar 1985 ta sami mutanen ƙasar nan kusan miliyan 8, ƙidayar 2019 ta same su sun wuce miliyan 20. In da allura tana kashe mahaifa, daga ina waɗannan suka fito? Shekara arba'in ana yi mana allurar da aka ce za ta ƙarar da mu, mu kuwa sai ninkuwa muke yi, har makarantu ba sa ɗaukar yaranmu. Lalle in makirci ne, to, ba a taɓa yin makircin da ya faɗi warwas kamar wannan ba.

Akwai wani darasi kuma a zamanin Sankara. Gwamnatin da ta yi wannan rigakafi ita ce ta rushe unguwar Bilibambili ta gina gidajen Cité An III a wurin. Hannu ɗaya ya ɗauki allura, ɗaya ya ɗauki gatari. Haka gwamnatoci suke a ko'ina, aikinsu gauraye ne. Mai hankali yakan ɗauki kowane aiki ya auna shi shi kaɗai. Ba wanda ya ƙi shan ruwan famfo domin gwamnatin da ta rushe gidansa ce ta ja bututun, ba kuma wanda ya ƙi hawa kwalta saboda haka. Me ya sa sai a kan lafiyar yaro, wanda ba ya iya yi wa kansa magana, muke nuna zuciya?

Wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan bai manta 1996 ba. Daga tsakiyar hunturu har zuwa faɗuwar ruwan fari, sa'ad da ƙura da zafi suke busar da maƙogwaro, sanƙarau ya kama mutum fiye da 40,000 a Burkina Faso, ya kashe fiye da 4,000. A Nijeriya ya kama fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Yaro yakan kwanta da ciwon kai da zazzaɓi da safe, wuya ya sanƙare, kafin kwana biyu an kai shi makwanci. Wanda ya tsira sau da yawa yakan tashi kurma. Ran 6 ga Disamba 2010, a nan Wagadugu, aka ƙaddamar da sabuwar allura mai suna MenAfriVac, wadda aka yi musamman domin irin sanƙarau ɗin da ake kira nau'in A, wanda shi ne yake kawo manyan annobai. A cikin kwanaki kaɗan aka yi wa mutum fiye da miliyan 11, daga ɗan shekara ɗaya zuwa ɗan shekara 29, Mali da Nijar kuma suka fara a wannan wata. Tun daga nan nau'in A ya kusan ɓacewa daga ƙasashenmu. Sanƙarau bai ƙare ba, gama akwai waɗansu nau'o'i, kamar nau'in C wanda ya yi ɓarna a Nijar a 2015 da Zamfara a 2017. Amma wanda ya ce allurar ba ta yi aiki ba, sai ya gaya mana inda annobar nan ta kowace 'yan shekaru ta tafi.

In aka ce kuma kayan Turawa ne, to, a duba da kyau. MenAfriVac a Indiya aka yi ta, kuɗin kowace allura bai kai rabin dala ba. Allurar zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, a Nanoro aka gwada ta, a ƙasar nan, ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, ɗan Burkina, aka bayyana sakamakonta a 2021. A watan Fabrairu na 2024 ƙasar ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran da ake yi wa jarirai. 'Ya'yanmu ne suke aikin, su ne kuma suke kai nasu 'ya'yan a yi musu.

Tambayar Baba a kan kyauta tana da amsa, kuma amsar ba ta bukatar mu ɗauka cewa manyan ƙasashe waliyyai ne. Suna biyan kuɗin rigakafi ta hanyar ƙungiyoyi irin su Gavi da UNICEF domin sun san cuta ba ta neman biza. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: kashe wutar a Kano ko a Wagadugu ya fi musu araha da jiranta a gidajensu. Haka aka yi da agana, wadda ta huda fuskokin kakanninmu ta makantar da waɗansu, har aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Amfaninsu ne, amfaninmu ne kuma. Ɗan kasuwar Zango ya fi kowa sanin cewa ciniki yakan yi kyau ko da mai saye da mai sayarwa ba sa ƙaunar juna.

Ga wani abu kuma da nake so dattawanmu su dube shi da idon basira. Ba maniyyacin da yake hawa jirgin Makka sai da katin allura, gama hukumomin Saudiyya sun wajabta rigakafin sanƙarau ga alhazai, da na zazzaɓin shawara ga masu zuwa daga ƙasashe irin tamu. Suna da dalili: wani nau'in sanƙarau da ake kira W135 ya ɓarke a hajjin 2000, a 2002 kuma shi ne ya yi annoba a Burkina Faso. Ban taɓa jin alhajin da ya fasa tafiya domin tsoron allura ba. Yakan naɗe hannun riga ya miƙa dantse ba gardama. Baba ma ya yi haka. To, allurar da ta halatta ga kaka domin ya sauke farali, yaya ta zama guba ga jika? Masu cewa cuta da mutuwa ƙaddara ce, gaskiya suka faɗa, amma su ɗin nan suna kulle shagunansu da dare, suna kuma kafa gidan sauro. Dogara ga Allah bai taɓa hana mutum rufe ƙofarsa ba.

Kada hukuma ta ji wannan ta ɗauka na wanke ta. Rabin laifin nata ne, gama ita ce ta zubar da amanar da take nema yanzu. Gwamnatin da take tunawa da unguwa ranar rushewa da ranar rigakafi kaɗai, kada ta yi mamaki in an rufe mata ƙofa. Talaka yana da hujja in ya ce, me ya sa ake biyo ni har gida da ɗigon shan inna, amma in ɗana yana zazzaɓi sai in tarar babu magani a asibitin unguwa? A 2016 aka kafa dokar jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Duk ranar da uwa ta je aka ce mata magani ya ƙare, aka rubuta mata takarda ta je ta saya, an ƙara wa masu jita-jita ƙarfi. Dole ne kuma a riƙa faɗa wa mutane gaskiya duka. Allura takan kawo ɗan zazzaɓi ko kumburi na kwana ɗaya ko biyu, a faɗa tun kafin a yi. An shelanta ran 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma ƙwayar da aka raunana aka sa a ɗigon baki takan iya yawo ta sake yin ƙarfi a wuraren da yara da yawa ba su karɓa ba, shi ya sa ake ta komowa. Wannan ma a bayyana shi da Hausa da Mosanci da Fulatanci, ta bakin limamai da masu unguwa da ungozomomi, tun kafin ranar, kada a bari mutane su tsinto rabinsa a waya. Wanda aka ɓoye wa ƙaramin abu, in ya gano, ba zai ƙara yarda da babba ba.

Mu kuma, in muna so a daina yanke mana hukunci a bayan idonmu, hanyar ba ta ɓuya a cikin ɗaki ba ce. Takardun ZACA da Faransanci aka rubuta su, da Faransanci aka auna filaye, da shi aka lissafa diyya. Irin tsoron nan da ya sa muke ɓoye yara daga allura shi ne ya sa iyayenmu da yawa suka ɓoye mu daga lakwal, ranar da takarda ta zo kuwa sai muka nemi mai karanta mana. Dokar 2007 ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16. Yaro yana iya yin allo da safe ko da yamma ya kuma je lakwal, ga makarantun da suke haɗa Larabci da Faransanci. Unguwar da take da likitanta da lauyanta da injiniyanta, ita ce take iya ɗaukar kwalbar magani ta karanta abin da yake ciki, ita ce kuma take iya tsayawa gaban hukuma ta ce ba mu yarda ba, a saurare ta. Amma kafin yaro ya zama likita ko lauya, sai ya rayu, da ƙafafunsa da kunnuwansa.

Saboda haka ga roƙona ga iyaye da kakanni na Zango, duk inda rushewa ta watsa mu. Ku riƙe fushinku, gama halal ɗinku ne, ku kai shi inda ya dace: gaban magajin gari, gaban kotu, gaban duk wanda ya zo neman goyon bayanku. Ku tambayi mai allura sunan maganin, da cutar da yake karewa, da ranar komowa, ku sa ya rubuta a katin yaro. In bai amsa da ladabi ba, ku kai ƙararsa. Amma ku fito da yaran.

Na koma wurin Baba bayan sallah. Ban yi masa dogon bayani ba, na dai tuna masa da ƙanensa da sanƙarau ya ɗauke a shekarar annoba, wanda shi da kansa ya sha ba mu labari. Ya yi shiru har na ɗauka na yi laifi. Can ya ɗaga murya ya kira surukarsa daga cikin gida, ya ce, "Ke, ina katin yaron nan? Kawo in gani."